Mai Miƙa Gora a Kwanar Coci

"Lafiya lau, Meme. Na ce lafiya lau na kwana. Sau nawa zan amsa?"

"Har sai na ji. Miji ya shigo ɗakin matarsa yana magana ƙasa-ƙasa sai ka ce wanda ya zo biko. Rufe min ƙofa, ka kuma cire takalman nan masu ƙwas-ƙwas kafin ka fasa min daɓe."

Ferre ya cire takalman tseren, ya shigo ɗakin girki da safa, ledar wainar shinkafa a hannu, kujera mai naɗewa rataye a bayansa. Kujerar nan ita ta hana shi sakat tun da ya baro gida. Uwarsa Greet ce ta sayo ta, ta rataya masa, ta ce ya je ya gaya wa kakarsa Zulma, wadda yake kira Meme, bana a zaune za ta kalli tsere, ba za ta miƙa gora ba. Wai ita aiki ya sha mata kai, shi ya sa ba za ta je da kanta ba. Wane aiki? Tsoron uwarta take ji, kuma ba wanda zai ga laifinta. A ƙauyen nan namu na bayan Oudenaarde ba a yi mutumin da ya ce wa Zulma "ba za ki yi ba" ya fito da kunnensa lafiya ba.

Lahadi mai zuwa ne bikin shekara na gari, da tseren keken da ke zagaya shi. Tun Zulma tana amarya take tsayawa a kwanar coci, daidai inda hanyar duwatsu ta fara hawa, ta miƙe hannu da gorar shayi mai sanyi da zuma, nata ya zo a guje cikin ayari ya fizge ya wuce. Ta miƙa wa mijinta Odiel har ya ajiye keke. Ta miƙa wa ɗanta har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Yanzu ta haura tamanin, jikanta take miƙa wa, wanda bana ne ya fara cin abinci da keke a wata ƙaramar ƙungiya. Sai dai tun hunturun da ya wuce hannunta na dama ya soma rawa, yatsun kuma wani sa'in sai su riƙe abu su ƙi saki. Kowa ya gani, ba wanda ya tanka.

"Mene ne wannan ka goyo?" in ji ta, tana leƙa bayansa. "Kyautar da ka ci ke nan bana? Kujerar masu kamun kifi?"

"Kayan ɗaki ne na fara tara mana. Ba ke kika ce ba za ki aure ni ba sai na yi abin kaina?"

"Da wannan za ka aure ni? Odiel, Allah ya ji ƙansa, katifa ya ciwo a tsere. Katifa sukutum, ta mutum biyu. Ya ɗaure ta a baya da igiya, ya tuƙo ta har gida iska na kaɗa shi. A kanta aka haifi uwarka."

"Bara kin ce agogon bango ne."

"Agogon daban, katifar daban. Kai da ba ka taɓa cin ko cokali ba, ina za ka san mutum na iya cin abu biyu?"

"Na zo na huɗu a watan jiya, Meme. Kina gaban talabijin, kin gani da idonki."

"Na ga mutum uku sun wuce, can sai ga wani dogon hanci ya biyo baya. Na ce wa kyanwa, kin ga mijina can, ya rako baƙi."

"Hancin ai gadonki ne."

"Ni nawa ya dace da fuskata. Kai naka shi ke isa layi kafin taya. Da da hanci ake lissafi da tuni ka yi suna."

Ya jingina kujerar a bayan ƙofa, ya ajiye mata ledar a kan tebur. Ta buɗe, ta ɗauki waina ɗaya ta juya ta, ta shinshina, ta taɓe baki kamar an kawo mata sabulu.

"Daga ina?"

"Gidan burodin bakin kasuwa. Inda kike aike na kullum."

"Tun da uban ya bar wa yaron nan tanda shinkafarsu ba ta nuna. Nawa ka ci a hanya?"

"Ko ɗaya. An hana mu zaƙi kafin tsere."

"An hana ku. Ji min maza. Ana auna muku taliya a sikeli, kuna aske ƙafafu har sun fi nawa santsi lokacin ina budurwa. In iska ta taso sai an riƙe ku kada ku tashi sama." Ta gatsa wainar, ta tura masa sauran ledar. "Ci, ba zan gaya wa kowa ba. Ba na son a ce mijina ya mutu da yunwa a ɗakina."

Ya ci. Ya san ya kamata ya fara maganar da ta kawo shi, amma da ya buɗe baki sai ya ji harshensa ya ɗauki hanya mafi nisa. Akwai magana guda da in aka taɓo ta Zulma za ta yi rabin yini a kai, ita ya jawo.

"Jiya a gidan gahawa saura kaɗan a ba hamata iska. Musu ake a kan wanda ya fi kowa iya keke tun da aka fara tsere a duniya. Tsofaffi suka ce namu na Brussels, wanda hotonsa ke kowane bango. Samari suka ce yaron nan na yanzu da ba ya bar wa kowa komai."

"Duk sun iya," in ji ta, tana tauna. "Na biyu da na uku. Sai su sasanta tsakaninsu."

"Na ɗaya fa?"

Ta ɗaga wuƙar burodi ta nuna saman murhu, inda hoton Odiel yake, baƙi da fari, fuska duk taɓo, tayar keke rataye a kafaɗa.

"Meme, mutumin nan bai taɓa yin tsere a wajen lardin nan ba."

"Wa zai tatsi shanu in ya tafi? Su waɗancan an dafa musu, an wanke musu, ana matsa musu ƙafa kamar jarirai, mota na bin su a baya da kekuna a kai. Odiel sai ya tatsi shanu da asuba, ya yi rabin yini yana haƙar dankali, ya hau keke ya je garin da ake tsere, ya ci, ya dawo kafin tatsar yamma. Keken ma ƙarfe ne zalla. Kai in aka ba ka, sai ka nemi mai taya ka ɗagawa."

"Na ji an ce ya taɓa wuce jirgin ƙasa."

"Sau biyu. A na biyun direban ya cire masa hula."

"Jirgin kaya ne, Meme, mai ɗaukar amfanin gona. Ko ke da sandarki kya wuce shi."

"Ranar ba kaya a ciki. Ni na sani, ina wurin."

"To in ya kai haka, me ya sa ba a taɓa sa shi a jarida ba?"

"Masu jarida a mota suke. Ba su taɓa cim masa ba balle su tambayi sunansa."

Ferre ya yi dariya har waina ta sarƙe shi. Zulma ta ji daɗi, don ba abin da take so irin ta ga ta kayar da shi a magana. Ta tashi ta ɗauko butar gahawa za ta zuba masa ya kora. Bakin butar ya riƙa bugun kofin, ƙas-ƙas-ƙas, gahawa ta fantsama a faranti, ta gangaro kan tebur.

Ya kau da kai yana kallon taga kamar ya ga wani abu a lambu. Wannan hannun ne ya riƙe masa sirdi ranar da ya fara hawa keke, yana ta kuka tana ta zaginsa. Tausayinta ya kama shi, da haushin uwarsa da ta aiko shi, da haushin kansa da ya yarda aka aiko shi.

Zulma ta ajiye butar. Ta share tebur da gefen zanen girkinta, ta zauna, ta daɗe tana kallon bayan ƙofa.

"Greet ce ta aiko ka."

"Ni dai na..."

"Kai ba ka da wayon sayen kujera. Launin ma irin nata ne. Faɗi abin da aka ce ka faɗa, ango, kada ya ruɓe maka a ciki."

"Cewa ta yi bana ki huta. Ki zauna a inuwar coci ki yi kallo kamar kowa. Akwai mutumin ƙungiyarmu da zai miƙa min."

"Mutumin ƙungiya. Ya san yawan zumar da cikinka ke ɗauka? Ya san in fuskarka ta fara fari lokacin gora ya yi, ko ba ka ɗaga hannu ba?"

"Bai sani ba."

"To. Abin da Greet ta ce na ji. Kai me ka ce?"

Tambayar da yake gudu ke nan tun daga hanya. Ya so ya ce shi ba ruwansa, saƙo aka ba shi. Ya so kuma ya gaya mata gaskiya, cewa tsoro yake ji. Faɗuwarsa ba komai ba ce, ya saba, jikinsa duk tabo ne. Amma ita tana bakin hanya, ayarin kekuna na zuwa kafaɗa da kafaɗa, in abu ya kuskure ba mai iya taka birki.

"Ni dai ba na son in zama gwauro tun da ƙuruciyata," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta buɗe kabad, ta ɗauko tsohuwar gorar, ta cika ta da ruwan famfo da hannun hagu, ta danne murfin.

"Tashi ka sa takalmanka, mu je lungu. Ka zo a guje in miƙa maka. In ka karɓa, kujera ta koma gidan uwarka ta zauna a kai ta yi ƙiba. In ba ka karɓa ba, sai mu ga laifin wa."

"Meme, ba sai..."

"Tsoron tsohuwa kake ji? Dama na faɗa, wannan auren ba inda za shi."

Lungun da ke bayan gidan shi ma shimfiɗar duwatsu ne, da 'yar gangara, shingen ganye a gefe ɗaya, ciyawa a ɗaya gefen. Ferre ya tura kekensa can sama ya juyo. Daga nan ya hango ta, ƙaramar mace cikin rigar sanyi mai ruwan toka, ta sa ƙafar dama gaba, ta miƙe hannu sosai, ta riƙe gorar ta wuya da yatsu uku, yadda ta koya wa rabin matan garin nan. Zuciyarsa ta karye. Ya gangaro a hankali, yatsu a kan birki, ya karɓi gorar kamar mai karɓar ƙwai.

Da ya juyo sai ya tarar ta haɗe rai.

"Haka za ka wuce ranar Lahadi? Mai raba wasiƙu ya fi ka sauri, kuma shi ya kusa ritaya."

"Na karɓa ai. Kin ci."

"Ban ci ba, sadaka ka yi min. Kada ka yi min sadaka, Ferre. Koma ka zo kamar ana bin ka."

In ta kira shi da sunansa, wasa ya ƙare. Ya mayar mata da gorar, ya koma sama har ya wuce inda ya tsaya ɗazu. Ya sunkuya, ya taka feda da gaske, keken na tsalle a kan duwatsu. Ya ga gorar tana rawa a iska, ya auna ta, ya miƙa hannu, ya cafke ta daidai.

Yatsunta ba su buɗe ba. Na ɗan ƙiftawar ido su biyu suna riƙe da gora ɗaya, sai ƙarfin gudun ya fizgo ta cikin hanya. Tayar gaba ta karkace, ya taka birki, ya zame, ya faɗa cikin shingen da kafaɗa. Gorar ta yi tsalle ta gangara cikin ciyawa. Da ya ɗago sai ya gan ta a zaune a ƙasa, a gefen duwatsun.

Ya yar da keken ya rugo, takalman na zamewa.

"Kin ji ciwo? Meme, ina ne? Nuna min."

"Keken za ka duba, ya fi ni tsada."

"Ki bar wasa. Kugunki fa? Gwiwa?"

"Na ce ba komai. A kan ciyawa na sauka, kuma Allah ya hore min abin sauka. Kai ne ganye ya cika wa hula."

Ya durƙusa ya lalluba ƙafafunta, ya ga da gaske ba abin da ya karye, sannan ya zube kusa da ita. Hannunta na kan cinyarta, yatsun nan uku har yanzu a lanƙwashe kamar gorar na ciki. Hannun take kallo, irin kallon da ake yi wa tsohon abokin da ya ba mutum kunya a cikin jama'a.

"Na ce masa ya saki," ta ce a hankali. "A kan lokaci na gaya masa. Bai ji ba."

"Laifina ne. Na matso da yawa."

"Rufe min baki. Ka zo daidai. Yau ne na fara ganin ka yi abu daidai, kada ka ɓata shi da ƙarya." Sannan ta ce, "Ranar Lahadi, a kwanar coci, mutum nawa ke bayanka?"

"Da yawa."

"'Ya'yan mutane."

"I."

Ƙararrawar coci ta buga can cikin gari. Wata mota ta wuce ta babban titi. Zulma ta sa hannun hagu ta miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ja dogon numfashi.

"To ka gaya wa uwarka na ajiye aiki. Kada ta ɗauka don ita ne. Ka ce na duba masu tseren zamanin nan kaf, ban ga wanda ya cancanci hannuna ba."

"Haka zan faɗa mata."

"Ba ragi ba ƙari."

"Ba ragi ba ƙari."

"Shayin dai ni zan haɗa. Kada wani ƙato ya zuba maka garin nan nasu mai warin magani."

"Ke za ki haɗa."

Ya samu abin da aka aiko shi nema, amma bai taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Ya ɗaga ta tsaye, ya kakkaɓe mata riga. Ta juya za ta nufi gida, kafaɗunta sun sauka, tafiyar ta zama ta tsohuwa sosai, irin tafiyar da bai taɓa ganin ta yi ba. Abin ya gagare shi kallo. Ya shiga ciyawa ya ɗauko gorar, ya goge ta a rigarsa, ya sa mata a hannun dama.

"Tsaya nan, kada ki motsa."

"Za ka ƙarasa ni ne?"

Ya ɗaga keken, ya daidaita kan keken da ya karkace, ya hau, ya ɗan yi sama ya juyo. Da ya iso gabanta sai ya taka birki, ya sauke ƙafa ƙasa, ya miƙa hannu.

"Ƙishirwa nake ji. Miƙo."

"A tsaye? Wane irin ɗan tsere ne ke karɓar gora a tsaye? Ka rufa min asiri, maƙwabta na kallo."

"Su kalla. Ranar Lahadi ma haka zan zo, a ƙofar coci, kafin a fara tsere, gaban kowa da kowa. Gorar farko taki ce. Sauran mutumin ƙungiya ya ji da su."

"Za su yi maka dariya."

"Sun saba. Miƙo, amarya, ba gaggawa nake ba."

Ta harare shi, amma ƙafar dama ta riga ta yi gaba da kanta. Ta miƙe hannun. Gorar na rawa, ya tallafe ta daga ƙasa, bai ja ba. Yatsun suka riƙe. Ya jira. Ta cije leɓe tana kallonsu, shi kuwa ya riƙa kallon shinge kamar yana da yini guda a hannunsa. Can sai manuniya ta ɗaga, ta tsakiya ta biyo, babban yatsa ya saki daga ƙarshe, nauyin gorar ya dawo tafin hannunsa.

Zulma ta kalli gorar a hannunsa.

"Kakanka," ta ce, "duk shekarun da na yi ina miƙa masa, bai taɓa taka birki domina ba. Ko waiwaye. Ya fizge ya wuce, ƙeyarsa kawai nake gani."

"To ai shi ne na ɗaya a duniya."

"Shi ne, har gobe." Ta share ido da bayan hannu, dariya ta kufce mata. "Amma a tsayawa dai, ja'iri, ka fi shi. Sha ka ba ni gorata."